Dutsen Bi Mboja da Ankar Ƙaninta

Duk garin Makutini babu wanda bai san muryar Bi Mboja ba. Kana bakin masallaci tana can ƙarshen rairayi, amma idan ta kira sunan wanda ya ɓata mata rai sai ka rantse a bayan kunnenka take tsaye. Gajeriya ce, gishiri ya tsattsaga mata ƙafafu, ta haura sittin, kuma har gobe ba ta yarda wani ya ɗaukar mata bokiti. Mboja 'yar Vuai ke nan, mai kamun pweza, wata halittar teku da ake ci. Tun tana shekara tara take bin uwarta cikin teku, ba ta kuma taɓa yin wata sana'a ba. Maza biyu suka rasu suka bar ta, ta ciyar da 'ya'ya biyar ta aurar da su, duk da sanda guda mai tsini.

Aikin ba na mai garaje ba ne. Sau biyu a wata, tsayuwarsa da tsakiyarsa, teku kan janye da hantsi ya yi nisa, mata su ɗaure zani tamau su bi bayansa da ƙafa, ruwa iya gwiwa, wani wurin iya ƙugu. Shi pweza, mai hannu takwas, cikin ramin dutsen murjani yake zama, yana tara ɓawon ƙaguwa a bakin ƙofa kamar matar da ba ta iya shara ba. Sai ki zura sanda ki yi ta tsokanarsa har ya harzuƙa ya naɗe sandan, ki jawo shi a hankali. Doka ɗaya ce a sana'ar, kowace yarinya da ita ake yaye ta: ba a fasa gida. Ki ɗauki mai gida, ki bar ɗakin yadda kika same shi, kafin wata ya zagayo wani ya tare a ciki.

Kowace mace da duwatsunta. Babu takarda, babu shinge, amma babu wadda za ta zura sanda a ramin wata ta kwana lafiya a garin. Duwatsu tara uwar Mboja ta bar mata, babban cikinsu ya kai girman ɗakin girki, mai rami ɗaya mai zurfi wanda bai taɓa zama babu kowa ba. Shi ake kira Dutsen Inna. Mboja kan ce daga ramin nan aka yi mata kayan aure, daga shi aka yi wa uwarta likkafani.

Tana da ƙane ɗaya, Pandu, wanda ta goya har bayanta ya yi kanta. Masunci ne na gaske, ya san ƙasan tekun nan kamar tafin hannunsa. Da aka gina otal a can tsinin gaɓa, sai suka ɗauke shi matuƙin jirgin shan iska, fari fat, mai inji biyu, suka ba shi hula mai baki da farar riga. Ranar da ya fara wucewa da jirgin ta gaban gari, Mboja ce ta fi kowa guɗa. Ta ce yau ɗan Vuai ya huta da jan taru. Da ta san abin da ke tafe da ta adana muryarta.

Baƙin otal kifi masu launi suke son gani. Su toshe ido da gilashi, su sa bututu a baki, su kife bisa ruwa suna kallon abin da Allah ya ajiye a ƙasa. To ina kifi masu launi suka fi taruwa? Pandu ya sani, don uwarsa ce ta nuna masa yana yaro. Ya kwashi baƙi ya kai su duwatsun Inna. A yi masa adalci: shi dai bai taɓa jefa anka, ƙarfen tsayar da jirgi, kan dutse ba. Akwai ɗan filin yashi a gefen babban dutsen, bai fi tsakar gida ba, nan yake saita ankarsa kullum. Amma jirgi ɗaya ba ya gano wuri mai kyau ya ci shi kaɗai. Kafin shekara ta fita jirage bakwai ke bin sawunsa, matuƙansu 'yan birni da 'yan ƙetare waɗanda ba su san yashi ba balle dutse. Ruwa ya cika da la'asar, su iso da kiɗa, kowa ya cilla ƙarfe inda hannunsa ya kai. In sun tashi tafiya ankar ta maƙale, sai a ba inji wuta a fizgo ta da abin da ta riƙe.

Da safe Mboja ta je ta tarar da aika-aika. Dutsen da ya fi kakanta tsufa a kife, cikinsa fari, an farfasa shi kamar tukunyar da jaki ya taka. Man inji yana yawo a kan ruwa, kwalabe da ledoji sun maƙale a ramuka. Wata rana ta jawo pweza ta kai gida ta dafa da kwakwa, jikokinta suka ce warin fetur yake, aka zubar wa kaji. Duwatsu tara suka koma shida, shida suka koma huɗu.

Ta je otal. Mai gadi, yaron da ta san ranar sunansa, ya tare ta a ƙofa ya ce ba a shiga da bokiti. Ta ajiye bokitin, ya ce ba a shiga ba takalmi. Ta tsaya nan cikin rana ta wanke shi tas, shi da hularsa da wanda ya ba shi hular, amma ƙofar ba ta buɗe ba. Ta je wurin Sheha, mai garinmu, ya ce zai kai maganar gaba. Gaban ta yi nisa ke nan, don har yau maganar ba ta iso ba.

Sai ga wasu mutane daga birni da mota mai tambari, wai sun zo wayar da kai kan kare teku. Aka tara mata a makaranta, aka raba musu lemo da riguna masu hoton kifi. Wani matashi mai tabarau ya tashi da sandan nuni ya yi musu bayanin cewa dutsen murjani yana da rai, don haka su rage taka shi da ƙafa. Ku ji mini rainin hankali! Matan da suka shekara ɗari suna bi ta gefen dutsen nan kamar masu tsallake jariri, su ake koya wa tausayinsa. Bi Mboja ta miƙe ta tambaye shi nauyin ƙafarta da nauyin anka wanne ya fi. Ya ce wannan tambaya ce mai muhimmanci, za a duba. Ta tambaye shi matuƙan jirage nawa aka gayyato taron. Ya duba takardarsa. Ta ce to an bar jaki ana dukan taiki, ta ajiye masa rigarsa a kan tebur ta fita. Lemon dai ta tafi da shi, ta ce jikokinta ba su yi wa kowa laifi ba.

Rigimarta da Pandu a gidan suna ta fashe, ranar sunan jaririn da 'yarsa ta haifa. Ana tsakiyar rabon shinkafa, ya shigo cikin mata da farar rigarsa yana gaisawa, ita kuwa da safen nan ta tarar da dutse na shida a wargaje. Ta ce masa ya daina kai jirginsa wurin, in ya daina sauran za su watse. Ya ce shi ɗan aike ne, inda baƙi suke so nan yake kai su, kuma ankarsa ba ta taɓa taɓa dutse ba. Ta ce shi ne kurar da ba ta ci ba amma ta nuna wa 'yan'uwanta hanyar garke. Mata suka yi dariya, shi kuwa kunya ta ɗebe shi ya faɗi abin da bai kamata ba.

"Yaya, teku fa ba gadon uwar kowa ba ne."

"Gadon uwarka ne, mara mutunci," in ji ta. "Da me kake tsammani aka yi maka kaciya?"

Daga ranar ba ta ƙara yi masa magana ba. Azumi biyu suka wuce. In ya aiko da sukari da dabino sai ta mayar. In suka haɗu a hanya ya ce Yaya ina kwana, sai ta juya ta gaida bishiyar kwakwa. Liman ya tuna mata cewa gaba ba ta wuce kwana uku tsakanin Musulmi, ta ce ta sani, ai kullum sabuwa take ƙullawa, don kullum da sabon laifi. Pandu ya gaji ya koma zama can kusa da otal da iyalinsa. A cikin wannan shirun duwatsu biyu suka ƙara tafiya, ya rage Dutsen Inna kaɗai. Abin da ya tsare shi kuwa, ko ta ƙi ko ta so, jirgin Pandu ne, don shi ke fara isowa ya tsaya a gefensa, sauran su rasa wurin matsowa. Ta san haka, kuma sanin ya fi komai ƙona mata rai.

Wata rasuwa ta kai ta arewacin tsibirin nan namu. A can, tana zaune bakin gaɓa da 'yan zaman makoki, ta ga abin da ya hana ta jin addu'ar da ake yi. Jirage suna zuwa, babu mai jefa anka. Wasu jajayen ƙwallaye ne ke yawo bisa ruwa, kowane jirgi ya kama igiyar ɗaya ya ɗaure. Ta tambaya, aka ce ai siminti ne aka binne a yashi aka ɗaura masa igiya, jirgi ya samu abin riƙewa ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Ta yi salati. Ashe maganin bai fi haka ba? Siminti da igiya, abin da ko maginin garinmu zai haɗa kafin azahar, shi masu mota da tabarau suka kasa faɗa?

Ta dawo ta tarar da sanarwa: za a rufe kamun pweza wata uku don su hayayyafa, daga jibi babu macen da za ta taka wurin. Ita ba ta ƙi rufewar ba, tun zamanin iyaye ana yi. Amma mata aka rufe wa, jirage ko a jikinsu. Wata uku ke nan za ta zauna a tudu tana kallo, ba ta da ikon zuwa ko ta cire leda daga bakin rami. Ta ce ba da ita ba.

Ta samu tsohuwar tayar babbar mota a bayan gidan makanike. Magini ya cika mata ita da siminti ya dasa ƙarfe mai kunne a tsakiya, ta biya shi da busasshen pweza. Igiya mai kauri kuwa ta samo wurin ƙawarta Mkasi, mai noman ciyawar teku, wadda suka yi wasan ƙasa tare. Ranar ƙarshe kafin rufewa, da ruwa ya janye, tsofaffin nan biyu da wasu mata huɗu suka tayar da tayar suka yi ta gangara ta cikin ruwa, tana faɗuwa suna tayarwa, suna zaginta suna dariya. Maza na zaune gindin kwalekwale suna gyaran taru, suka ce Bi Mboja ta sayi mota, saura taya uku. Ta ce in ta cika huɗu su za ta fara takewa.

Sai da suka kai ta har filin yashin nan na gefen Dutsen Inna, don nan ne kaɗai jirgi zai tsaya bai yi ɓarna ba. Suka tona suka binne ta, suka danne da yashi. Jan ƙwallo dai babu shi a Makutini, sai Mboja ta ɗaura jarkar mai, ruwan ɗorawa, a bakin igiyar. Tana gamawa ta tsinko ganyen kwakwa daga ƙugunta ta ƙulla a hannun jarkar, ƙulli uku, na tsakiya a juye. Ba ta ma san ta yi ba. Alamar babansu Vuai ce, kuma tun tana yarinya duk abin da gidansu ya saka a teku da ita ake barinsa.

Mkasi ta ce to yanzu sai a aika wa Pandu ya san abin da aka yi, tun da da la'asar zai zo. Mboja ta ɗaure fuska.

"Ni in aika masa? Yana da ido. Mutumin da ya yi shekara arba'in a ruwa, in ya ga igiya mai kaurin hannu a wurin da yake tsayawa bai gane ba, to hular ce ta toshe masa kai."

"Ke dai kalma ɗaya ce, Mboja. Ko ni in je."

"In kika je, ni da ke ma mun ɓata."

Abin da ke ranta, kuma ta faɗa daga baya da bakinta, so take ya gani ya ji kunya. Ya ga cewa tsohuwa mai bokiti ta yi abin da otal mai hawa uku ya kasa.

La'asar ta yi, ruwa ya cika har gindin kwakwa. Ta shimfiɗa tabarma a tudu ta zauna, Mkasi a gefenta. Farin jirgin ya ɓullo daga tsinin gaɓa, kiɗa na tashi, baƙi sun jeru a baki suna ɗaukar hoto. Ya nufo wurin, ya rage gudu. Ya matso kusa da jarkar har Mboja ta fara murmushi. Sai ta ga ya ja baya, ya kewaye ta da nisa a hankali, kamar mai wuce wanda ke salla. Ya karkata dama, ta wajen Dutsen Inna, ya tsaya. Wani ya ɗaga ankar a gaban jirgin.

Ta miƙe ta kurma ihu, muryar nan da ake ji daga masallaci. Ta kira sunansa, karo na farko cikin shekara biyu, ta kira har da sunan uwarsu. Iska na busowa daga teku, ga inji ga kiɗa. Wata baƙuwa ta hango tsohuwa na ɗaga hannu biyu a gaɓa, ita ma ta ɗaga mata nata.

Sa'a guda suka yi suna iyo, sa'a guda tana tsaye. Da suka tashi tafiya ankar ta ƙi fitowa. Ta ga Pandu ya je gaba da kansa, ya ja ta nan ya ja ta can, har ya tuɓe riga ya yi nutso sau biyu. Rana na faɗuwa, baƙi sun fara duba agogo. Daga ƙarshe inji ya yi ƙara, jirgin ya yi tsalle gaba, ruwan wurin ya gauraye ya yi fari.

Bai jira an kira shi ba. Kafin magariba ya iso ƙofar gidanta, wandonsa a jiƙe, babu hula. Ta fito da sandanta a hannu, maƙwabta suka taru don sun san yau akwai kallo. Ta tambaye shi ko makaho ne. Ta ce ta binne masa siminti, ta ɗaura masa igiya, ta kai masa har inda yake tsayawa, saura me, ta ɗauke shi ta goya ta ɗaura masa? Pandu ya tsaya yana kallonta, bakinsa a buɗe.

"Don in ɗaure jirgi ne?"

"A'a, don ka yi ado da ita."

"Yaya, na ga ƙullin Baba a jiki. Na ce kwandon kifi kika kafa kafin rufewa. Wa ya taɓa kama igiyar wani a tekun nan? Balle taki, muna cikin wannan hali. Na ce in ankata ta faɗa kan kwandonki, har lahira ba za ki yafe mini ba. Shi ya sa na matsa."

Duk wanda ke wurin ya san gaskiya ya faɗa. A Makutini jarka mai ƙulli amana ce. Yaro ya taɓa ta a zane shi, babba ya taɓa ta a kira shi ɓarawo har jikokinsa. Da ɗan birni ne ya fara isowa, da ya cafki igiyar ko don ƙyuyar jefa anka. Pandu ne ya iso, ɗan Vuai, wanda ita da kanta ta koya wa wannan ladabin da mari. Mboja ta buɗe baki, kuma a tarihin garin nan ranar ce kaɗai ta rufe shi babu abin da ya fito.

In ka je wurin yau za ka ga jarkoki takwas, kowane jirgi na ɗaure da tasa. Pandu ne ya bi matuƙan ɗaya bayan ɗaya har suka saba. Otal ya sa an yi wa jarkokin fenti da sunansa, an kuma kafa allo a ƙofa mai cewa su masu kula da teku ne. Masu mota sun dawo sun ɗauki hoto. Babu sunan Mboja a ko'ina, tayar ma wai dabarar wani ƙwararre ce. Allah ya isa dai ba ta ƙarewa a bakin matan garinmu.

Amma washegarin ranar da ankar Pandu ta kifar da Dutsen Inna, Sheha ya ba da izini aka shiga wurin duk da rufewa. Pandu ya zo da maza takwas da igiyoyi da itatuwa. Dutsen Inna na kwance a gefensa, wani ɓangare ya ɓalle daga baya. Suka yi ta fama tun ruwa na gwiwa har ya fara dawowa, kafaɗar Pandu ta saɓule tana jini, bai tsaya ba sai da dutsen ya zauna daidai yadda yake. Daga gaba, wallahi, ba ka cewa an taɓa shi. Ya share fuska ya ce ta duba.

Ta sunkuya ta zura sandanta a ramin, a hankali, yadda ta saba shekara hamsin. Sandan ya yi ta shiga bai taɓa komai ba, har tsininsa ya leƙo ta bayan dutsen, a gaban ƙafar Pandu. Ya kalli tsinin, ya ce zai toshe da siminti, zai samo dutse ya liƙa, ta ba shi kwana biyu kawai.

"Bari, Pandu," in ji ta. "Pweza ba ya zama inda haske ke shiga ta baya."

Ta zare sandan. Ruwa ya kawo mata ƙugu, ga tafiya mai nisa zuwa tudu. Ta miƙa masa bokitin, babu komai a ciki, ta ce ya riƙe mata.